Agogo Mai Zuciya Biyu

Ran nan a kasuwar Suleja na tsaya wurin wani dattijo mai gyaran agogo, ya buɗe mini cikin wani tsohon agogon hannu, irin wanda ba ya aiki da batir. Ya nuna mini wani ɗan zobe da ke kai da komowa, da siririyar waya kamar gashi a naɗe a tsakiyarsa. Ya ce, "Malam, wannan ita ce zuciyar agogo. In ta yi gaggawa agogo ya yi gudu, in ta yi nawa ya yi latti." Na ce masa akwai agogon da a ke sa wa irin wannan zuciya har biyu. Ya yi dariya, ya ce ai sai su yi ta gardama.

To, ba su gardama. Ga dalili.

A cikin 1665 wani masani mutumin Holan, sunansa Christiaan Huygens, yana kwance ba lafiya, sai ya lura da agogunansa biyu masu lilo da ke rataye a jikin katako ɗaya. Lilon wannan ya yi dama, na wancan ya yi hagu, daidai wa daida. Ya ɓata musu tafiya da gangan, amma kafin rabin sa'a sun koma yadda su ke. Da fari ya zaci iska ce. Daga baya ya gane katakon ne ke ɗaukar ɗan motsin da ido ba ya gani daga wannan agogo ya kai wa wancan. Turawa na kiran wannan hali rezonans, watau abu ya amsa motsin ɗan'uwansa don saurinsu ya zo ɗaya.

Kuna iya gwadawa a aji ba tare da kashe ko kwabo ba. Ku ɗaura igiya tsakanin kujeru biyu, kada ta yi tauri ƙwarai. Ku rataya duwatsu biyu a jikinta da zare mai tsawo ɗaya, sa'an nan na uku da gajeren zare. Ku kaɗa na farko kaɗai. Jim kaɗan na biyu zai fara lilo, na farko ya lafa, sa'an nan su sāke musaya. Na ukun kuwa da ƙyar zai motsa, don tsawon zarensa dabam ne, saurinsa ma dabam.

Antide Janvier da Abraham-Louis Breguet sun ƙera agoguna a kan wannan hikima a Faransa wajen shekara 200 da suka wuce. Amma shigar da ita cikin agogon hannu aiki ne ja, sai a 2000 François-Paul Journe, wani Bafaranshe mai ƙira a Jeniba ta ƙasar Suwizalan, ya fito da nasa. Zobba biyu ne kusa da juna, kowane na bugawa sau 6 a daƙiƙa. In hannu ya girgiza, ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, sai su ja juna su daidaita. Sharaɗi guda ne: sai maƙeri ya gyara su har bambancinsu bai wuce daƙiƙa 5 a yini ba, in ba haka ba ɗaya ba ya jin ɗaya. A 2016 kamfanin Armin Strom ya bi wata hanya, ya haɗa zobban da 'yar waya mai lanƙwasa.

Kada ku zaci don tsare lokaci a ke sayensu. Agogon batir da yara ke talla a tasha ya fi su riƙe lokaci, alhali na Journe ya haura dala 100,000. Abin da a ke biya hannun maƙeri ne, don gidansa ba ya fid da agogo da yawa a shekara. Mu mutanen Suleja bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Tulun Ladi Kwali, wadda ta shiga ma'aikatar tukwane ta garin nan a 1954, bai fi na roba ɗaukar ruwa ba, amma ga hotonta a takardar naira 20.

Da na gama bayani dattijon ya yi shiru, ya ce ya sha ganin agogunan bango biyu a shagonsa suna tafiya tare, bai taɓa tambayar dalili ba. Ya tashi ya duba, ashe a jikin allo ɗaya ya kafa su.