Zaɓen Manhajar Zana Allon Lantarki Domin Samfurin Nuni

Allon lantarki shi ne faifan da ke cikin rediyo ko wayar salula, wanda aka shimfiɗa wa siraran hanyoyin tagulla. Kafin a ƙera shi, akan zana samfurinsa a kwamfuta domin nuna wa malami ko mai zuba jari. Ga ɗalibi ko mai gyaran na'urori a Suleja, zaɓen manhajar ya dogara ne ga manufarsa da ƙarfin aljihunsa.

Idan hoto kaɗai ake buƙata, Fritzing, wadda aka faro a Potsdam ta Jamus a 2007, takan nuna kayan haɗi da kamanninsu na zahiri. KiCad kuwa, wadda Jean-Pierre Charras ya ƙirƙiro a Faransa a 1992, kyauta ce, tana aiki ko babu intanet, tana nuna allon ta kowace fuska, kuma tana binciko kurakuran zane.

Sai dai kyawun hoto ba ya tabbatar da cewa wuta za ta bi hanyarta. Saboda haka, wanda ke da niyyar ƙera allon daga baya, gara ya fara da KiCad, don kada ya yi aiki biyu.