Amfani da Maganin Sitiroyid ga Jaririn da Ya Shaƙi Kashinsa na Farko

Idan naƙuda ta yi tsanani, ko ciki ya zarce makonni 42, jariri kan yi kashinsa na farko, mai kauri da danƙo, tun yana cikin mahaifa. In ya shaƙe shi, sai ya toshe masa hanyoyin numfashi, huhunsa ya kumbura. Domin kwantar da wannan kumburi ne likitoci suka jarraba magungunan sitiroyid, kamar deksametazon. Sai dai nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a shekarar 2003, a kan jarirai 85 kacal, bai nuna maganin ya rage mace-mace ba. Gwaje-gwajen da aka gudanar a Indiya a 2007 kuwa sun nuna raguwar kwanakin jinya, amma su ma jariran da suka ƙunsa ba su taka kara sun karya ba wajen yawa.