Babu Gawa, Babu Labari: Halin da Iyalan Ɓatattu Ke Ciki

Mutuwa, duk zafinta, takan tarar da mu da shiri. Da zarar rai ya yi halinsa, kowa ya san aikinsa: masu wanka, masu ɗinkin likkafani, masu haƙar kabari. A yi salla, a kai mamaci makwancinsa, a dawo a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Mai zuwa gaisuwa ba ya laluben abin faɗa, "ya haƙuri" da "Allah ya jiƙan rai" suna bakinsa. Mata ta shiga takaba, bayan wata huɗu da kwana goma ta fita. A raba gado, kowa ya kama gabansa. Ciwon yana nan, amma an yanka masa hanyar da zai bi.

Gidan da mutum ya sa ƙafa ya fita bai dawo ba, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. A makon farko maƙwabta sukan cika tsakar gida, ana ta "Allah ya bayyana shi". Wata na zagayowa ƙafa ta ɗauke. Bayan shekara har kauce wa zancen ake yi, domin ba wanda ya san me zai ce. In ka yi ta'aziyya ka yi mugun fata, in ka ce yana nan tafe kamar kana zolaya. Sai a bar mutanen gidan da abinsu.

A farkon watan Agusta na 2019, cikin dare, wasu mutane ɗauke da makamai suka tare Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, yana shiga gidansa a unguwar Barnawa da ke Kaduna, suka yi awon gaba da shi a cikin motarsa. Malami ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, kuma ya yi suna wajen sukar masu mulki a shafukan sada zumunta. Hukumar DSS ta ce ba ya hannunta. 'Yan sanda suka ce suna bincike. Shekaru suka yi ta wucewa, mahaifiyarsa ta koma ga Allah ba ta sake sa shi a ido ba. Shi ke nan fa wanda ke da dubban masu kiran sunansa a intanet duk shekara, har da ƙungiyar Amnesty. To ina ga manomin da aka kwashe a bakin gona, wanda ko hoto bai taɓa ɗauka ba?

Irinsu ne suka fi yawa. A 2019 ƙungiyar agaji ta ICRC ta ce tana riƙe da sunayen kusan mutum 22,000 da iyalansu ke cigiya a Najeriya, adadin da a lokacin ya zarce na kowace ƙasa a rajistarta. Zuwa 2022 ya haura 25,000, kuma fiye da rabinsu yara ne sa'ad da suka ɓace. Galibinsu daga arewa maso gabas suke, inda rikicin Boko Haram ya tarwatsa garuruwa cikin dare, uwa ta yi gabas da goyo, ɗan shekara bakwai ya bi ayarin da ya yi yamma. Wannan lissafi kuwa na waɗanda danginsu suka iya kaiwa ga ofishin ƙungiyar ne kawai.

Duniya ta san 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014, waɗanda shekara goma bayan haka gommai daga cikinsu ba su dawo ba, ta kuma san Leah Sharibu da aka riƙe bayan sakin ɗaliban Dapchi a 2018. Ba ta cika sanin mazan da aka kama a samamen jami'an tsaro a Maiduguri da kewayenta aka nufi barikin Giwa da su ba. Amnesty ta ce a rahotonta na 2015 sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun daga 2011, zargin da rundunar ta musanta. Ko ma mene ne gaskiyar adadin, akwai matan da har yau ba a ce musu ga miji ba, ba a ce ga kabari ba. Sai kuma hamada. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Waɗannan an gan su, an binne su. Waɗanda rairayi ya rufe a hanyar Agadez zuwa Libiya ba a gani ba, iyayensu na nan suna cewa yaro ya tafi nema.

Wata masaniyar halayyar iyali a Amurka, Pauline Boss, ta shafe shekaru tun daga 1970 da 'yan kai tana nazarin irin wannan rashi, farawa da iyalan sojojin da suka ɓace a yaƙin Biyetnam. Abin da ta gano, duk wanda ya taɓa zama a irin gidan nan ya san shi: baƙin cikin ba ya tafiya gaba, daskarewa yake yi. Uwa takan ƙi barin a sa sakata da dare. Takan hana a taɓa ɗakinsa, ta ƙi sauya lambar waya ko da layin ya dame ta, ta ƙi tashi daga gidan haya don kada ya dawo ya tarar da baƙin fuska. Baƙuwar lamba na shigowa gabanta ya faɗi. Kuma gidan kan rabu biyu ba tare da an yi faɗa ba: uba ya sallama a zuciyarsa yana so a yi sadaka, uwa tana ganin yin sadakar kamar ita ta kashe ɗanta da hannunta. Yara su tashi a tsakani, ba a ce musu marayu ba, ba su kuma da uban da zai biya kuɗin makaranta.

Akwai masu cin abinci da wannan hali, kuma suna da yawa. Mai duba zai buga ƙasa ya ce yana raye, yana yamma, a kawo baƙin bunsuru. Wani zai bugo waya ya ce yana tsare a wuri kaza, a turo na mota da na "oga". Da iyali suka sa lambarsu a sanarwar cigiya, 'yan damfara ne kan riga kowa kira. Ana sayar da gona, a sayar da akuya da kayan ɗaki, kuma da wuya ka ga laifin mai bayarwa, don ba uwar da za ta yarda a ce ta ƙi ba da dubu hamsin ranar da labarin ya kasance gaskiya. Ƙa'ida ɗaya ce ke da amfani a nan: kada a tura ko sisi sai an ji muryar mutumin, ko an yi tambayar da shi kaɗai ya san amsarta.

Wadda ta fi kowa shiga tsaka mai wuya ita ce matar aure. Ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba. In ta yi kwalliya a ce ta manta da shi, in ta yi zancen makomarta dangin miji su ce dama jira take. Abin takaici, mutane da yawa sun ɗauka addini ya ce ta zauna har illa ma sha Allahu, alhali malaman fiƙihu sun daɗe da buɗe babi sukutum a kan mafƙudi, wato wanda ya ɓace ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, mace na da damar kai maganarta gaban alƙali. Alƙali ya sa a bincika; in an nema an rasa, ya yanka mata wa'adin shekara huɗu, sannan ta yi idda irin ta mamaci, daga nan aure ya halatta gare ta. Asalin hukuncin daga Sayyidina Umar yake, Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. A lura da kyau, lissafin ba daga ranar ɓata yake farawa ba, sai an kai ƙara. Matar da ta yi shekara takwas tana kuka a ɗaki ba ta je kotu ba, a idon shari'a ba ta fara ƙirga komai ba. Wa'adin nan kuma na wadda ake ciyar da ita daga dukiyar mijin ne. Wadda aka bari ba ci ba sha tana iya neman a raba auren saboda rashin ciyarwa ba tare da ta jira shekara huɗu ba. Malamai sun kuma bambanta wanda ya ɓace lokacin zaman lafiya da wanda ya ɓace a fagen yaƙi ko cikin annoba, don haka alƙali ne zai duba wane hali ya dace da wace mace. A ganina, limaman Juma'a a garuruwan da rikici ya ɗaiɗaita sun yi sakaci da wannan babi. Huɗuba ɗaya a kansa za ta kwance wa mata da yawa ƙullin da suka kwana da shi shekara da shekaru.

Dukiya kuwa hukuncinta daban. Ba a raba gadon mafƙudi don matarsa ta yi idda. Ana jira har ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba, wanda mafi shahara a mazhabar shi ne saba'in, ana ciyar da iyalinsa daga ciki. A ɓangaren dokar ƙasa, Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta ba kotu damar ɗaukar mutum a matsayin mamaci idan shekara bakwai ta wuce waɗanda ya kamata su ji ɗuriyarsa ba su ji ba. Kafin nan kuɗinsa na banki da haƙƙoƙinsa na wurin aiki sukan maƙale, tunda ko'ina takardar shaidar mutuwa ake tambaya.

Wani lokaci akan dace. A Oktoban 2019 'yan sandan Kano suka bayyana yara tara da aka sace daga unguwannin birnin aka kai su Onitsha a jihar Anambra, aka sauya musu suna, wasunsu har Hausa ta kwance musu. A 2021 kotu ta yanke wa jagoran masu satar, Paul Owne, ɗaurin shekara 104. Murnar iyayen ba ta misaltuwa, sai dai labarin ya ƙara hana sauran iyaye barci: tunda an ga na wane bayan shekaru, nawa ma yana wani wuri ana kiransa da wani suna.

Haƙuri da addu'a wajibi ne, amma ba su sauke wa hukuma nauyinta ba. A Ajantina, lokacin mulkin soja na 1976 zuwa 1983, iyaye mata suka fara taruwa a dandalin Plaza de Mayo daga 1977, da fararen ɗankwali, suna tambayar inda 'ya'yansu suke. Nacin kakanni mata masu neman jikokinsu ya kai ga kafa rumbun gwajin ƙwayoyin halitta a 1987, kuma an gano jikoki sama da 130 da aka raba da danginsu tun suna jarirai. Matan Borno ma ba su zauna ba: ƙungiyar Knifar da ta Jire Dole, wadda Hajiya Hamsatu Allamin ta tsaya wa, sun yi ta tattara sunayen mazajensu da 'ya'yansu suna kaiwa gaban hukuma. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana ɓatar da mutane tun 2009, Nijar ta bi a 2015, kuma yarjejeniyar ta ce sanin gaskiyar abin da ya faru haƙƙin iyali ne. Abin da ake nema bai fi ƙarfin gwamnati ba: rajista guda da ofishin 'yan sanda, gidan yari, barikin soja, asibiti da ɗakin ajiye gawa za su riƙa zuba suna da hoto a ciki, kada a binne gawar da ba a san mai ita ba sai an ɗauki hotonta da samfurin jikinta an rubuta inda aka sa ta.

Kafin a kai can, akwai na hannunmu. In mutum ya ɓace kada a tsaya "bari mu ga gobe". A sanar da 'yan sanda da mai unguwa nan take, a karɓi shaidar an kai rahoto, a zagaya asibitoci da tashoshin mota, a kai cigiya gidan rediyo da masallatai. Red Cross na karɓar cigiyar waɗanda rikici ko hijira ta raba da danginsu, kuma ba a biyan ko kwabo. Yaro da ya fara magana a koya masa cikakken sunan mahaifinsa da na unguwarsu, ba "Baba" da "gidanmu" kawai ba. Wanda zai kai ɗansa almajiranci ko ya sallami ƙaninsa ci-rani, ya ɗauke shi hoto a waya ranar tafiyar, ya rubuta sunan malamin ko maigidan da lambarsa, da garin da unguwar da za a same su.