Gafara Da Godiya: Maganin Zuciyar Malamin Makaranta

Malamin makaranta yana shan ɓacin rai ta ko'ina. Yaro ya yi masa rashin kunya, uba ya zo ya zazzaga masa a gaban aji, shugaba kuma ya manta da wahalarsa. Dukanmu mun san malamin da yakan koma gida da wannan nauyi, ya kwana yana juyi. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa gajiyar rai da matsin aiki ke jawowa matsala ce ta gaske a wuraren aiki. To, ina mafita?

Wani masani a Hong Kong, David Chan, ya nemi amsa a wurin malamai kansu. A binciken da ya buga a 2010, malamai 96 sun yi mako takwas suna lissafa abubuwan alheri da suka same su. A ƙarshe jin daɗin zamansu ya ƙaru, musamman waɗanda a da ba su saba godiya ba. A 2013 ya sāke nuna cewa malamai masu halin gafara da godiya sun fi samun kwanciyar rai.

Riƙo kuwa har jiki yake taɓawa. A 2001 Charlotte Witvliet da abokan aikinta a Amurka suka sa mutane su tuna da wanda ya cuce su. Sa'ad da suka riƙe shi a zuci, bugun zuciyarsu da hawan jininsu suka ƙaru. Da suka yi tunanin gafarta masa, sai jikin ya lafa. Ashe malamin da ke riƙe da ɗalibin bara, kansa yake hora.

Amma kada mu ɗauka gafara ita ce barin hakki. Malamin da aka riƙe wa albashi ya nemi abinsa da ƙarfinsa, ya kuma tsauta wa yaron da ya yi laifi. Ɗacin rai kaɗai zai ajiye.

Mu iyaye ma muna da namu rabo. Godiya takan yi wa mutum wuya in ba wanda ya taɓa gode masa. Yaushe rabonmu da zuwa makaranta, ba don ƙara ba, sai don mu ce wa malamin 'ya'yanmu sannu da aiki? Bari mu je wannan mako.