Injiniyan da ke Koya wa Kwamfuta Gane Faifanta

A Madabo, unguwar malamai a cikin Birnin Kano, inda ake karatun fiƙihu tun zamanin Wangarawa, tsofaffin littattafai warƙa-warƙa suke, ba ɗinki. Marubuci yakan sa kalmar farko ta warƙar gaba a ƙasan wadda ya gama, a ƙarshe kuma sau da yawa ya rubuta sunan mai littafin. Ko warƙoƙi sun tarwatse, da waɗannan alamu ake mayar da kowace gurbinta. Yanzu da ake ɗaukar hoton irin waɗannan littattafai ana zubawa a kwamfuta, amanar ta koma hannun wani mai sana'a da ba a cika lura da shi ba: injiniyan da ke kula da faifan ajiya.

Faifai yakan mutu ba sallama. Shi ya sa ake haɗa da yawa su yi aiki kamar guda, dabarar da Patterson da Gibson da Katz na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka raɗa wa suna RAID a 1987. A RAID 1 faifai biyu ne, kowane kwafin ɗan'uwansa. RAID 5 na bukatar aƙalla uku, ɗaya ya mutu ba a yi asara ba. A Linux, manhajar mdadm ce ke wannan aiki, wadda Neil Brown ya fara rubutawa a 2001.

Wuyar aikin tana wajen kunnawa, mu kuwa a Kano, tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareto, kunnawa ba ta ƙarewa. Duk tashi sai an sake haɗa rukunin faifan. Sunayen da Linux ke ba kowane faifai, irin su sda da sdb, ba abin dogaro ba ne, domin faifan da ya riga amsawa shi ke karɓe na farko. Don haka mdadm ke rubuta shaida a jikin kowane faifai: doguwar lambar rukunin, wato UUID, da gurbinsa a ciki, da sunan kwamfutar da ta mallake shi. To amma a daidai lokacin haɗawar kwamfuta tana cikin ɗan tsarin wucin gadi da ake kira initramfs, kuma sau da yawa ba ta kai ga karanta sunanta ba. Sai ta ɗauki faifanta a matsayin baƙi, ta kira rukunin md127 maimakon md0. Abin da ke neman md0 ya rasa shi, tashi ya tsaya cak. Mai kaya ya dafe kai yana salati, alhali ko harafi ɗaya bai ɓata ba.

A nan ake gane gwani. Ɗan koyo yakan yi gaggawar ba da umarnin ƙirƙirar sabon rukuni, ya rubuta a kan tsohuwar shaidar, kuma idan ya kuskure jeri ko awo, asarar gaske ta auku. Wannan gaggawa tana ba ni takaici matuƙa, don haƙurin minti kaɗan ya isa. Gwani sai ya fara karanta shaidar kowane faifai. Sannan ya rubuta UUID da sunan kwamfutar ƙarara a fayil ɗin mdadm.conf, ya sake gina initramfs don gyaran ya shiga ciki, ya sa fstab ma, fayil ɗin jerin ajiyar da ake buɗewa a tashi, ya nemi ajiyar da lamba. Ya kashe, ya kunna, ya sake, a gaban mai kaya.

Ba ya cire binciken sunan don neman sauƙi. Ran da aka kawo faifan wata matacciyar kwamfuta a jona a tasa don ceto, kowane ɓangare da md0 ɗinsa, sunan nan ne zai hana su rikicewa. Kafin ya rufe akwatin kuma, yakan manna wa kowane faifai takarda mai lambarsa ta kamfani, ya faɗa wa mai kaya: "Alhaji, wannan ba ya maganin ɓarawo ko gobara ko gogewa da kuskure. A ajiye wani kwafin a wani gida."