Harshe da Koyar da Shari'a da Kimiyyar Siyasa a Jami'a: Darasi daga Hausawan Anaca, Inugu da Fatakwal

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa amfanin ilimin shari'a da na siyasa ga al'umma ya rataya ne a kan harshen da ake isar da shi. Za a kafa hujja da Hausawa 'yan kasuwa mazauna Anaca, musamman na wajen Kasuwar Relief, da takwarorinsu na Inugu da Fatakwal.

2.0 Harshen Kotu

Jami'ar Nijeriya ce ta buɗe tsangayar shari'a ta farko a Nijeriya, a 1961. A Zariya kuwa, Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo ce ta horar da alƙalai a kan dokar Final Kot da ta fara aiki a 1960. Bahaushen da ke Gabas ba ya ƙarƙashin Final Kot. Kundin laifuffuka mai asali daga 1916 ne ke hukunta shi, cikin Turanci.

Sashe na 36(6) na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta. Sai dai idan tafinta ya mayar da tambayar amsa laifi ta zama "Ka aikata?", wanda ya yi duka don kare kansa zai ce ya aikata, a rubuta ya amsa laifi, alhali aikatawa daban, laifi daban.

3.0 Harshen Siyasa

Kalmar "ɗan ƙasa" tana ɗaukar ma'ana biyu: ɗan Nijeriya da kuma ɗan asalin wuri. Wanda aka haifa a Inugu yakan ɗauki kansa baƙo, ko da yake sashe na 41 ya ba shi 'yancin zama ko'ina a ƙasar. Ga shi kuwa Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, ƙarƙashin jam'iyyar NCNC.

4.0 Kammalawa

Ƙamusun kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu da hukumar NERDC ta fitar a 1991 ya share fage. Abin da ya rage shi ne sassan harsunan Nijeriya su haɗa gwiwa da na shari'a da siyasa, a daidaita keɓaɓɓun kalmomi, a kuma horar da tafintocin kotu.