Gina Ɗakin Ajiya A Bayan Gida Wanda Danshi Ba Zai Lalata Ba

Gabatarwa

Manoma da yawa sun koma zuba amfanin gonarsu a buhuna, suna jibgewa a ɗan ɗaki ko sito a bayan gida maimakon rumbu. Wannan tsari yana da sauƙi wajen ƙidaya da fitar da kaya kasuwa, amma danshi kan cinye ribarsa. Buhunan ƙasa su jiƙe, hatsi ya yi fumfuna, ƙwari su samu wurin hayayyafa, gindin bango kuma ya riƙa zaizayewa har ginin ya tsage. Asarar ba ta tsaya ga kuɗi kaɗai ba. Fumfunar masara da gyaɗa tana iya haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. A shekarar 2004, mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya bayan sun ci masarar da ke ɗauke da wannan guba.

Galibin manoma rufi suke sa wa ido, domin yoyo a fili yake. Amma danshin da ya fi ɓarna shi ne mai tasowa daga ƙasa. Ba a ganin sa, kuma gyaransa yana da wuya idan an riga an gama gini. Don haka in kuɗi ba su da yawa, a fara kashe su a kan harsashi da daɓe.

Zaɓen wuri

A nemi wuri mafi tudu a gidan, nesa da rijiya, makewayi, turken dabbobi da inda ruwan rufin maƙwabta ke zuba. Lokacin da ya fi dacewa a duba wuri shi ne cikin watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Duk inda ruwa ya kwanta a guje shi. A tone kututture da saiwoyi a fitar, domin su ne abincin gara. Hadarin farko da na ƙarshen damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, saboda haka kada ƙofa ta fuskanci gabas.

Harsashi da daɓe

Ƙasa tana tsotso ruwa zuwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Tubalin laka da bulon siminti da kankare duk suna da ƙananan kafofin da ruwa ke bi. Manomin da ya ce ya yi daɓen siminti, don haka ya tsira, bai tsira ba tukuna.

A kankare ƙasar sama mai taki a zubar, a haƙa harsashi har a tarar da ƙasa mai tauri. A gina shi da dutse ko bulo marar rami, a ɗaga shi santimita 30 zuwa 45 bisa doron ƙasa. A wurare masu yawan ruwa kamar Neja, Nasarawa, Binuwai da jihohin kudu, gara a ɗauki babban awon. A cike ciki da marmara ko jar ƙasa kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, sannan a baza yashi mai laushi kimanin santimita 5.

A kan yashin nan ne za a shimfiɗa leda mai kauri irin ta magina. Wannan leda ita ce abu mafi arha a ginin, kuma ita ce mafi amfani. A ɗora gefen wata kan wata aƙalla santimita 15, a bar bakinta ya hau kan harsashi ta yadda bangon ma a kanta zai zauna. Wasu birkiloli kan ce ɓata kuɗi ne, wasu kuma kan huda ta da shebur wajen zuba kankare. Ya kamata mai gini ya tsaya da kansa a ranar. Kaurin kankaren ya kai santimita 10, a kan awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A riƙa ba shi ruwa har kwana 7, kuma kada a shigar da hatsi sai ya samu kamar wata guda yana bushewa.

Wanda ya riga ya mallaki ɗaki yana iya gwada daɓensa. Ya shimfiɗa gutsuren leda, ya danne gefunansa, ya bar shi ya kwana. In da safe ya ga raɓa a ƙarƙashi ko wurin ya yi duhu, to danshi na tasowa.

Bango

Tubalin laka yana da kyau, har ya fi bulo riƙe sanyi, muddin bai taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Abin lura shi ne yaɓe. Filastar siminti ba ta kama laka sosai. Takan tsattsage, ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita, wata rana a ga ta ɓamɓaro da ɓangaren bango. Yaɓen laka da makuba ta kwasfar ɗorawa, wanda maginan gargajiya suka daɗe suna yi, ya fi dacewa da irin wannan bango, sai dai yana buƙatar sabuntawa, musamman ta fuskar gabas. Ciki kuwa a shafe shi sumul, a toshe duk wata tsaga da ƙwari za su iya ɓuya.

Rufi da ruwan da yake zubarwa

Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Ɗaki mai mita 3 da mita 4, rufinsa zai kai murabba'in mita 20. Ruwan dare ɗaya mai milimita 50 zai zubo lita 1,000 daga wannan rufi, wato duro 5. Inda ake samun milimita 1,200 a shekara, duro 120 ke nan. In bakin kwano gajere ne, duk wannan ruwa a gindin bango zai sauka.

Saboda haka a bar bakin rufi ya zarce bango da santimita 60 zuwa mita 1. A yi wa ginin dakali mai ɗan gangare kewaye da shi, da lambatu mai kai ruwa nesa. Rufin ya yi tsayi mita 1 a kowace mita 3 ta faɗi, kuma a buga ƙusa a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa ba. A shafa wa katako maganin gara kafin a ɗora.

Kwano yana da wata illa. Da dare yakan yi sanyi, tururin da ke cikin ɗaki ya taru a jikinsa, ya riƙa ɗiga kan buhuna, mai ɗaki ya yi ta neman yoyo bai gani ba. Maganinsa shi ne ƙananan tagogi a saman bango, suna fuskantar juna ƙarƙashin inuwar rufi, a rufe su da ragar ƙarfe mai ido da bai wuce milimita 6 ba saboda ɓera. Silin na zana ko asabari ma yana taimakawa.

Ruwan da ke shigowa cikin buhu

Ɗaki komai kyawunsa ba ya busar da hatsi. Buhun masara mai kilo 100 da ke da danshi kashi 18 cikin ɗari yana ɗauke da rarar ruwa kusan lita 6, domin abin da ake so shi ne kashi 13. Buhu 20 irin wannan sun haura lita 100. Shinkafa shanshera ana son ta a kashi 14, ɓararriyar gyaɗa kuwa kashi 7 zuwa 8. Inda babu na'urar awo, a zuba tsabar hatsi da busasshen gishiri cikin kwalba busasshiya, a rufe, a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya.

A yankunan da ake girbin masarar farko ana tsakiyar ruwa, kada a kai ta sito kai tsaye. A fara zuba ta, ba a ɓare ba, cikin rumbun sanduna mai shan iska irin wanda Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Ƙasa da ke Ilori take koyar da shi. Ƙafafunsa su kai mita 1, kuma a wuri mai laima sosai faɗinsa kada ya wuce santimita 60.

A cikin ɗaki, a jera buhuna kan katako mai tsayin santimita 10 zuwa 15, a bar rabin mita tsakaninsu da bango yadda mutum zai iya zagayawa ya duba. Ko buhunan PICS masu ruɓi uku, a kan katako za a ɗora su. Takin zamani da maganin feshi a nema musu wani wuri dabam. Takin yuriya musamman yana jan danshi, ya narke. Malamin gona ya tunatar da manoma su hau rufi su duba ƙusoshi, su kuma yashe lambatu, tun cikin watan Maris kafin saukar ruwan farko.